Wasannin yaƙi na kwamfuta: Abin da suka kwaikwaya daidai da abin da Rukubi ta nuna sun gaza

A watan Mayun 2021 Rundunar Sojin Sama ta Najeriya ta ƙaddamar da jiragen yaƙi uku ƙirar JF-17 Thunder a sansaninta na Makurɗi, tafiyar kimanin kilomita 100 kudu da Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. Jirage ne da Pakistan da Sin suka haɗa hannu wajen ƙerawa, kuma sai da matuƙansu suka je Pakistan suka samo horo kafin a damƙa musu su.

Sai dai tun cikin Disambar 2019, kusan shekara ɗaya da rabi kafin bikin na Makurɗi, duk mai kwamfuta mai ƙarfi da 'yan dalolin da zai biya yana iya zama a kujerar matuƙin irin wannan jirgi ba tare da ya fita daga ɗakinsa ba. A cikin wani wasa mai suna DCS World an zana mazaunin matuƙin JF-17 da allunansa da maɓallansa, kuma kusan kowane maɓalli yana aiki. Sai mai wasa ya kunna batir, ya tayar da inji, ya jira na'urar gano hanya ta daidaita, mataki bayan mataki kamar yadda littafin jagora ya tsara. Idan ya yi gaggawa ya tsallake wani mataki, ko dai jirgin ya ƙi tashi, ko ya tashi da makaman da ba za su saitu ba.

Wannan shi ne matsayin da wasannin yaƙi na kwamfuta suka kai a yau. Matasan Lafiya, kamar takwarorinsu na sauran biranen ƙasar nan, sun fi sanin masu sauƙi da ake bugawa a waya, irin su Call of Duty: Mobile da PUBG Mobile da Free Fire, inda ake harbin mutum ya ɓuya na 'yan daƙiƙu ko ya sha magani ya warke. Amma bayan waɗannan akwai wani rukuni da masu shirya shi ke alfahari da abu guda: kusanci da zahiri. Irinsu ne rundunonin soji ke saye don horo, kuma irinsu ne ake yanko hotunansu a watsa a WhatsApp da sunan yaƙin gaske.

Saboda haka batun ya wuce na yara da wayoyinsu. Ya shafi jami'in da zai rubuta wa maigidansa taƙaitaccen bayani kan wani bidiyon hari da ke yawo, ya shafi wanda takardar sayen na'urorin horar da sojoji za ta biyo ta teburinsa. Tambayar da ke gaban kowannensu ita ce: wane ɓangare na yaƙi kwamfuta ta iya kwaikwayo, wane ne kuma ta bari a baya? Jihar Nasarawa tana da amsa mai ɗaci a ƙauyuka biyu, Rukubi da Alakyo.

Daga teburin taswira zuwa allo

Kwaikwayon yaƙi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Jahin da mahaya ke kai wa sarki ranar hawan sallah, su zaburo dawakai da gudu su ja linzami dab da shi, ragowar atisayen mayaƙan doki ne na zamanin da. Dara kuwa, duk da cewa a ƙasa ake haƙa gurabenta, tana koyar da tarko da haƙuri da karanta niyyar abokin karawa.

Wasan yaƙi irin na rundunonin zamani ya samo asali ne daga daular Furushiya, a ƙasar Jamus ta yau. A 1824 wani matashin hafsa mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyan sojojin ƙasar wani wasa da ya gyara daga wanda mahaifinsa ya ƙirƙira. Ana shimfiɗa taswira ta gaske, a raba hafsoshi gida biyu, ja da shuɗi, a sa alƙali a tsakani. Kowane ɓangare yana rubuta umarninsa ya miƙa wa alƙali, shi kuma ya sanar da shi iya abin da sojojinsa za su iya gani daga inda suke tsaye, ba ƙari. Hikimar wasan tana cikin wannan ɓoyewar, domin tun a lokacin an gane cewa babbar wahalar kwamanda ita ce yanke hukunci alhali bai san komai da komai ba. Bayan Furushiya ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, sauran ƙasashe suka rungumi tsarin, har yau kuma ja da shuɗin nan ne ake gani a taswirorin soji.

Da kwamfuta ta zo, sai ta karɓi aikin alƙali. A 1996 sojojin kundunbala na ruwa na Amurka suka gyara wani wasan kasuwa mai suna Doom don koya wa ƙananan rukunoni aiki tare. A ranar 4 ga Yulin 2002 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta fitar da nata wasan, America's Army, kyauta, don jawo hankalin matasa su shiga aikin soja, kuma ya yi shekara 20 kafin a rufe shi a 2022.

Mafi tasiri a wannan fage shi ne kamfanin Bohemia Interactive na Jamhuriyar Cek. Wasansa na 2001, Operation Flashpoint, shi ne tushen manhajar horo da ake kira VBS, wadda sojojin Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe da dama ke amfani da ita. A 2022 kamfanin ƙera makamai na BAE Systems ya sayi kamfanin da ke yin VBS a kan dala miliyan 200. Ɗan'uwan wannan manhaja da ake sayar wa kowa a kasuwa shi ne jerin wasannin Arma.

Najeriya ma ba a bar ta a baya ba wajen horo ta hanyar kwaikwayo. A Jaji, Jihar Kaduna, akwai cibiyar kwaikwayon yaƙi ta rundunonin soji, kuma Kwalejin Horar da Hafsoshi da ke can tana gudanar da atisayen Haske Biyu, wanda ke haɗa sojoji da sauran hukumomin tsaro a kan matsalar tsaron cikin gida da aka ƙaga don koyo.

Abin da aka kwaikwaya daidai

Wanda bai taɓa ganin irin waɗannan wasanni ba zai yi mamakin zurfin lissafin da ke cikinsu. Arma 3, wanda ya fito a Satumbar 2013, yana da tsibiri mai faɗin murabba'in kilomita 270, da garuruwa da gonaki da tuddai, kuma mai wasa na iya taka shi da ƙafa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Harsashi a cikinsa ba ya tafiya a miƙe kamar zare. Yana rage gudu, yana sunkuyawa ƙasa gwargwadon nisa, yana huda katako ya tsaya a jikin dutse. Sojan da ya ɗauki kaya masu nauyi ya yi gudu, numfashinsa zai sa bakin bindigarsa rawa, sai ya tsaya ya huta kafin ya iya saiti.

Sauti ma an ba shi haƙƙinsa. Ƙara tana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, harsashin AK-47 kuwa yana fita da gudun da ya haura mita 700. Ma'ana, harsashi kan riga ƙararsa isowa. A cikin wasan, idan bam ya fashe a nisan kilomita guda, mai wasa zai ga wuta da hayaƙi, sai bayan kusan daƙiƙa uku ya ji rugugin. Tsofaffin 'yan wasa kan ƙiyasta nisan abokin gaba da wannan tazara.

Masu sha'awa sun ƙara wasu gyare-gyare da kansu. Akwai wanda ke sa iska da zafin rana su karkatar da harsashi, ya kuma sa wanda aka harba ya yi ta zubar da jini har sai abokinsa ya ɗaure masa raunin, ya duba bugun zuciyarsa, ya yi masa ƙarin jini. Akwai wanda ke kwaikwayon rediyon oba-oba, ta yadda idan tudu ya shiga tsakanin mutum da kwamandansa, muryar za ta dusashe ko ta yanke gaba ɗaya.

A wasan Squad, na wani kamfanin Kanada, mutum 100 ne ke karawa, 50 a kowane ɓangare. Wanda harsasai ke wucewa ta gefen kansa zai ga allonsa ya yi dishi-dishi, hannunsa ya ƙi tsayuwa, don a kwaikwayi firgicin da ke hana soja ɗaga kai. Ba a cin nasara sai da shugaban rukuni mai magana da 'yan bayansa, da direban da ya yarda ya yi ta jigilar harsasai da kayan gini daga baya ba tare da ya harba ko ɗaya ba.

Jerin wasannin Combat Mission kuwa kwamanda suke mayar da mutum. Yana ba da umarni, sannan ya naɗe hannu na daƙiƙa 60 yana kallon abin da zai biyo baya, ba shi da ikon sa baki. Sojojinsa na iya tsorata su kwanta, ko su gudu, ko su ƙi bin umarni. Abin da wani rukuni ya gani ba lalle ne ɗayan ya sani ba, sai labari ya bi ta rediyo ko ta baki ya isa gare shi.

Waɗannan abubuwa ne ke sa mutum ya nitse cikin wasa har ya manta da inda yake zaune. Masu shirya wasannin sun daɗe da gane cewa kyan hoto kaɗai ba ya kawo wannan nitsewa. Abin da ke kawo ta shi ne tsoron asara. Wanda ya yi minti 40 yana tafiya da rarrafe tare da abokansa, ya kuma san harsashi ɗaya zai fitar da shi daga wasan, zuciyarsa za ta buga da gaske idan ya ji motsi a cikin ciyawa.

Son kusanci da zahiri ya taɓa jefa mutane cikin wahala ta zahiri. A Satumbar 2012 hukumomin Girka suka kama ma'aikatan Bohemia biyu a tsibirin Lemnos, wanda shi ne aka kwaikwaya a Arma 3, bisa zargin leƙen asiri saboda hotunan da suka ɗauka. Sun shafe fiye da wata huɗu a tsare kafin a ba da belinsu a Janairun 2013. A Yulin 2021 kuma wani mai buga War Thunder ya wallafa shafukan littafin sirri na tankar yaƙin Birtaniya, Challenger 2, don kawai ya tabbatar da cewa an yi kuskure wajen zana ta a wasan. Daga baya an maimaita irin haka da takardun tankar Faransa da na wani makamin Sin. Ga ma'aikacin da ke riƙe da fayilolin gwamnati a ƙarƙashin Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, darasin a fili yake: gardamar wasa ma kan iya zama ƙofar da asiri ke fita.

Farin ɗigo a kan allo

Duk abin da aka lissafa a sama abu ne mai aunuwa: nauyi, nisa, gudu, lokaci. Kwamfuta gwana ce a nan. Inda take rauni shi ne tambayar da ke zuwa kafin a taɓa kunamar bindiga: wane ne wancan?

A cikin Call of Duty 4, wanda ya fito a 2007, akwai wani mataki da ya shahara, inda mai wasa ke zama maharbi a jirgin AC-130 cikin dare. Allon fari da baƙi ne, irin na kyamarar da ke ganin zafin jiki, mutane kuma 'yan ɗigo-ɗigo ne masu motsi a ƙasa. Hoton ya yi kama da na gaske matuƙa. Amma wasan ya yi wa mai bugawa wata alfarma: sojojin ɓangarensa suna ɗauke da fitila mai ƙyaftawa, muryar rediyo kuma tana gaya masa abin da zai harba da abin da zai bari. A yawancin wasanni ma abin ya fi haka sauƙi, domin abokin gaba yana da kakinsa daban, ko sunansa ya bayyana da jan rubutu a saman kansa. An riga an warware wa mai wasa mafi wuyar aikin tun kafin ya fara.

A daren 24 ga Janairun 2023, a Kwatiri da ke yankin Rukubi, cikin Ƙaramar Hukumar Doma mai maƙwabtaka da Lafiya, babu wanda ke ɗauke da fitila mai ƙyaftawa. Wasu makiyaya ne suka dawo daga Makurɗi, inda suka biya tara suka karɓo shanunsu da jami'an Jihar Binuwai suka kama a ƙarƙashin dokar hana kiwon sake. An kawo shanun a manyan motoci, ana cikin sauke su sai bam ya faɗo daga sama. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch, a rahotonta na Yunin 2023, ta ce mutum 39 ne suka rasu.

A amsar da ta ba ƙungiyar a rubuce, Rundunar Sojin Sama ta ce ta kai harin ne a ƙarƙashin shirin Operation Whirl Stroke bisa bayanan sirri, kuma hotunan leƙen asiri daga sama sun nuna waɗanda ake zargin 'yan ta'adda ne sun taru a kusa da wata babbar mota da ake zaton ta kawo musu kayayyaki. A Janairun 2024 Babban Hafsan Sojin Sama na lokacin, Iya Mashal Hasan Abubakar, ya je Jihar Nasarawa ya nuna takaicin rundunar kan rasa rayukan fararen hula.

Idan aka dubi wannan bayani da idon mai nazarin wasanni, za a ga cewa duk abin da kwamfuta ta ƙware a kai ya tafi daidai. Jirgi ya isa, kyamara ta gani, makami ya sauka inda aka saita shi. Mota da mutane da dare, duk gaskiya ne. Fassarar da aka yi wa hoton ce ta kauce, kuma hoto ba ya fassara kansa. Makiyayi mai sanda a kafaɗa da ɗan bindiga mai AK-47 a kafaɗa, daga nisan dubban ƙafa cikin duhu, ɗigo iri ɗaya ne.

Rukubi ba ita kaɗai ba ce. A ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin soji ya jefa bama-bamai a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno, mutum sama da 100 suka mutu, daga baya Hedikwatar Tsaro ta ce ba a yi wa sansanin alama a taswirar aiki ba. A ranar 3 ga Disambar 2023 jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ya kai hari kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, inda Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta ce an binne mutum 85. A wasa, taswira ba ta taɓa yin ƙarya, kuma taron jama'a cikin dare kusan kullum na abokan gaba ne.

Gaskiya ne wasu wasannin sun yi ƙoƙari. A Command: Modern Operations, wanda ake da nau'insa na ƙwararru da wasu rundunoni ke saye, abin da na'urar hange ta gano yakan fara bayyana a matsayin wanda ba a tantance ba, kuma yana iya zama jirgin fasinja ko na masunta. Amma ko a nan, hukuncin kuskure shi ne a rage maki. Mai wasa zai danna maɓalli ya sake daga farko, da sanin abin da bai sani ba ɗazu. Mutanen Rukubi ba su da wannan maɓalli, haka ma matuƙin da ya saki bam ɗin.

Darasin Alakyo

Rashin sani yana cin masu kaki kamar yadda yake cin farar hula. A ranar 7 ga Mayun 2013 ayarin 'yan sanda da jami'an tsaron farin kaya ya tashi daga Lafiya zuwa ƙauyen Alakyo da ke kusa, da nufin kama jagoran ƙungiyar Ombatse. Aka yi musu kwanton ɓauna a hanya, jami'ai sama da 60 suka rasa rayukansu. Yana cikin asara mafi girma da jami'an tsaron ƙasar nan suka yi a rana guda a wajen fagen yaƙi, kuma tun a lokacin aka yi zargin cewa labarin tafiyar ya riga ayarin isa.

Kwanton ɓauna kansa abu ne da VBS da Arma ke kwaikwayo da kyau. Ana iya zana hanyar, a jera motoci, a koya wa direbobi tazarar da za su bari a tsakaninsu da abin da za su yi idan motar gaba ta kama wuta. Horo ne mai amfani, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba a kan ƙona mai da harsasai a daji. Abin da ba ya shiga kwamfuta shi ne wanda ya ɗaga waya ya tsegunta, da dalilin da ya sa ya yi hakan, da daɗaɗɗen ƙorafin da ya sa ƙauye ya yi shiru.

Nasarawa jiha ce mai ƙabilu da yawa: Eggon, Alago, Gwandara, Mada, Migili, Tibi, Fulani, Barebari, Hausawa da sauransu. Sojan da aka turo daga wata jiha zuwa rundunar musamman da ke Doma zai tarar da rikicin gona da kiwo da sarauta da iyaka wanda ya girme shi. Sanin wanda ke gaba da wane, da ranar kasuwar kowane ƙauye, da lokacin da masu doya da riɗi ke kwana a gona, da hanyar da shanu ke bi idan rani ya yi, shi ke bambance taron biki da taron mahara. Ba kamfanin da ke Turai ko Kanada da zai iya sa wannan a cikin manhaja, sai in mutanen wurin ne suka ba shi.

Akwai kuma dalilin kasuwa. Yawancin rayuwar soja jira ne, da zafi, da ƙishirwa, da motar da ta maƙale a taɓo. Wanda ya biya kuɗinsa don nishaɗi ba zai yarda ya yi awa shida yana gadin shingen bincike ba tare da wani abu ya faru ba, kuma ba zai ji daɗin wasan da mafi kyawun abin yi a cikinsa shi ne ya ƙi harbi ba. Don haka ko wasan da ya fi kowanne kama da zahiri, an tace shi an bar abin da ke sayuwa.

Yunƙurin cike giɓi

Kwamitin Ƙasa da Ƙasa na Red Cross ya lura da wannan giɓi. A 2013 ya bayyana cewa ba ya neman a hana wasannin yaƙi, abin da yake so shi ne a sa dokokin yaƙi a cikinsu, ta yadda wanda ya harbi farar hula ko ma'aikacin lafiya ko wanda ya miƙa wuya zai ga sakamakon aikinsa a cikin wasan. Dokokin da ake nufi su ne Yarjejeniyoyin Janeba na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977, waɗanda Najeriya ta amince da su. Sun wajabta bambance mayaƙi da farar hula, da auna amfanin hari da ɓarnar da zai jawo, da yin iya ƙoƙari wajen tabbatar da abin da za a kai wa hari kafin a kai.

A Satumbar 2017 Bohemia, tare da shawarar Red Cross, ya fitar da wani ƙari ga Arma 3 mai suna Laws of War. A cikinsa mai wasa ma'aikacin agaji ne da ke tonon nakiyoyi a wani gari bayan yaƙi ya lafa, yana bin sawun yadda kowace ta zo wurin da wanda ta kashe. Kamfanin ya ba Red Cross dala 176,667 daga cinikin. Yunƙuri ne abin yabo, ya kuma nuna cewa ana iya yi. Sai dai har yanzu irinsa ƙalilan ne a kasuwar da harbi ke sayar da kaya.

Lokacin da gani bai kori ji ba

Ɓangaren da ya fi kusa da teburin ma'aikaci shi ne na bidiyon bogi. A 2011 gidan talabijin na ITV a Birtaniya ya nuna wani hoto a matsayin 'yan tawayen IRA suna harbo jirgi mai saukar ungulu da makaman da Gaddafi ya ba su, ashe daga Arma 2 aka yanko shi. A Nuwambar 2017 Ma'aikatar Tsaron Rasha ta wallafa hotunan da ta ce hujja ce cewa Amurka na taimakon ƙungiyar IS, aka gano ɗaya daga ciki na wani wasan waya ne. A Satumbar 2021 wasu tashoshin Indiya sun nuna Arma 3 a matsayin harin jiragen Pakistan a kwarin Panjshir na Afganistan. An sake ganin irin haka a yaƙin Yukiren daga 2022 da na Gaza daga Oktoban 2023.

Abin ya dami kamfanin har ya fitar da sanarwa a Nuwambar 2022 yana bayyana alamomin da ake gane irin wannan bidiyo. Yawanci hoton ba ya fita tangaran, da gangan ake dusashe shi. Kyamara tana yawan girgiza, kamar an ɗauki allon kwamfuta da waya. Galibi cikin dare ne, don duhu ya rufe aibin zane. Sau da yawa babu sauti, ko an ɗora waƙa a kai. Da wuya a ga mutane suna tafiya kusa, domin tafiyar ɗan'adam ce ta fi wuyar kwaikwayo. Hayaƙi da wuta da ƙura ba sa bajewa yadda suke yi a zahiri. Wani lokaci kuma akan hango ragowar lambobin wasa a gefen allo, ko kaki da motocin da ba na rundunar da ake magana a kai ba.

A jihar da jita-jita kan iya tayar da ƙauye kafin gari ya waye, wannan ba ƙaramin ilimi ba ne. Hadimin da ya tura wa maigidansa bidiyon wasa a matsayin harin da aka kai daren jiya, ko kakakin da ya wallafa shi a shafin hukuma, ya jawo abin kunya a mafi sauƙi, a mafi muni kuma ya ƙara wa wuta mai. Minti biyar na tambayar wanda ya fara sakin bidiyon, da wurin da aka ɗauka, da ko wata majiya ta biyu ta tabbatar, ya isa ya tare mafi yawansu.

Tambayoyin da suka dace da takardar saye

Na'urorin kwaikwayo za su ci gaba da shigowa cikin kasafin tsaro, kuma akwai hujjar hakan. Awa guda a na'ura ba ta kai kuɗin awa guda a sama ba, kuma kuskuren da aka yi a allo ba ya kai kowa kabari. Abin lura shi ne abin da ake koyarwa da su.

Duk wanda irin wannan takarda ta zo hannunsa yana da damar tambaya: ƙasar da ke cikin na'urar ta wace nahiya ce, tsibirin Girka ko kwarin Binuwai da dogayen ciyawarsa na kaka? Akwai kasuwa da ruga da masu zuwa gona da asuba a ciki, ko kowa abokin gaba ne? Ana ba ɗalibi bayanan sirri na ƙarya a wasu lokuta, don a ga ko zai nemi tabbaci? Akwai darasin da cin jarrabawarsa shi ne a dawo da makami ba a harba ba? Kuma wa zai riƙa sabunta bayanan bayan ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi?

Manhajoji irin su VBS suna ba mai koyarwa damar tsara duk wannan, har da sake kunna abin da ya faru don a zauna a yi bitarsa. Ko za a yi amfani da damar, wannan shawara ce ta mutane, ana kuma yanke ta ne a ofisoshin Abuja da azuzuwan Jaji. Reisswitz ya sa alƙali a tsakiyar wasansa shekara 200 da suka wuce don ya hana hafsa ganin abin da bai kamata ya gani ba, ya saba da yanke hukunci cikin shakka. Na'urar da ta cire wannan shakka, komai kyan hotonta, tana koya wa ɗalibi tabbacin da ba zai same shi a sararin samaniyar Doma ba.